Kyamarar Ɗan Fari

Ku yaran yanzu, da kun ga mutum ya rataya kyamara sai ku ce ai wannan ba aiki ba ne, danna jan maɓalli ne kawai ka tsaya. Kwanan baya wani saurayi ya leƙo shagona a Ƙofar Kaura, ya ƙare wa kyamarorin da ke cikin gilas kallo, ya ɗaga wayarsa ya ce mini, "Baba, ai wannan ta tashe ku daga aiki." Ban yi musu da shi ba, don wayar tasa ta fi kyamarata ta farko ido nesa ba kusa ba. Na dai ce ya zauna in ba shi labarin wani ciniki guda ɗaya, ya ce sauri yake yi. To, tunda shi bai zauna ba, ku ga shi a rubuce. Sunana Isiyaku, amma a garin nan Isiya Mai Bidiyo aka sani. Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina ɗauka, ina gyara, ina sayar da na hannu, kuma cinikin da ya fi koya mini sana'ar bai zo ba sai da gemuna ya yi fari.

Wata rana bayan an tashi daga makaranta wani mutum ya yi sallama, siriri, ɗan kimanin shekara hamsin da biyu, da ƙurar alli a bakin hannun rigarsa. Malam Bishir sunansa, malamin firamare ne a Ƙofar Guga. Muka gaisa, ya tambayi iyali da kasuwa da gajiya, na tambayi ɗalibai da mutanen gida, sannan ya zauna a bakin benci kamar wanda ya zo asibiti.

"Malam Isiya, kyamara nike so. Mai sauƙin kuɗi, wadda za ta yi aikin gida."

"Biki gare ka ko suna?"

"Ba ko ɗaya. Inna nike so in ɗauka."

Inna mahaifiyarsa ce. Hawan jini ya taɓa kayar da ita sau ɗaya, harshenta ya yi nauyi na 'yan kwanaki sannan ya sake. A asibiti an gaya musu gaskiya, in ciwon ya dawo, ba lalle ne maganar ta dawo ba. Ya ce mini, "Baba ya daɗe da rasuwa. Hotonshi na nan a bango, amma wallahi ran nan na zamna ina so in tuno muryarshi, na kasa. Ban so Inna ta tahi mani haka nan." Ya gwada da waya, ta yi zafi ta ɗauke, wani lokacin kira ya shigo ya katse, wani lokacin ta ce ta cika. Shi ya sa ya yanke shawarar sayen abin da aka yi don wannan aikin kaɗai. Albashin malamin firamare kuwa kun san shi, ba sai na faɗa ba.

Ya ciro wayarsa ya nuna mini hoton wata sabuwa dal a kwali da ya gani a kasuwa, mai arha, an cika jikin kwalin da manyan lambobi. Na ce masa, Malam, irin waɗannan kwalinsu ya fi cikinsu aiki. Abin da suke ruɗar mutane da shi shi ne zuƙowa, wato jawo abu na nesa ya zo kusa. Zuƙowa iri biyu ce. Akwai ta gilashi, wadda idon kyamarar ke motsawa da gaske. Akwai ta ƙarya, wadda hoton kawai ake ta buɗawa har fuskar mutum ta koma kamar dambu. Babbar lambar da ke kan kwali yawanci ta ƙaryar ce. Kuma ma wanda zai ɗauki tsohuwa a ɗakinta, me zai zuƙo? Daga bakin gado zuwa ƙofa taku uku ne. Ga mai ƙaramin ƙarfi, tsohuwar kyamara ta kirki da aka riƙe da kyau ta fi sabuwar banza, in dai ya san abin da zai duba.

Na fito masa da guda uku na hannu na jera a kan tebur. Ya ɗauki ɗaya zai fita da ita waje ya gwada, na riƙo hannunsa. Wannan shi ne kuskuren masu saye a garin nan, a rana suke gwaji. Ranar Katsina kuwa, ko kyamarar wasan yara ka nuna mata sai ta yi kyau. Amma iyayenmu ba a rana suke zaune ba, a ɗaki suke, mai 'yar taga guda, da labule, da kwanon rufi da ya sha hayaƙi. Sai na ja shi zuwa ɗan ɗakin ajiyata na baya, na sakaya ƙofa, na ce ya ɗauke ni da kowace. Ta farko ta mayar da ni inuwa mai haƙora. Ta biyu hoton ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa gero. Ta uku ta nuna fuskata har da tabon da ke gefen hancina, ya yi dariya ya ce ashe haka fuskata take. Na nuna masa yadda ake haska fitila cikin idon kyamara a duba ko hunhuna ta yi saƙa a ciki, da yadda ake buɗe ɗan allon gefe a rufe sau da yawa a ga ko hoton na ƙiftawa, don wayar da ke cikin maƙogwaron allon ita ce ke fara mutuwa. Na ce kuma kada ya yarda da mai kaset ko da kyauta ce, ya nemi mai kati, kuma ya tabbata ana samun batirinta a kasuwa.

Wannan ɗakin gwajin ba dabarata ba ce, gado na yi daga maigidana, Oga Bitrus, wani mutumin Filato da ya yi shagon hoto da bidiyo a garin nan shekaru masu yawa. Shekarata ta farko a wurinsa ko taɓa kyamara ban yi ba. Aikina ɗaukar batir mai nauyin bulo, da naɗe waya, da riƙe fitilar da ke gasa mutum kamar tsire. Kyamarar lokacin a kafaɗa ake saɓa ta, kaset ɗinta ya kai girman littafi. Ranar da ya fara ba ni ita, sai ya cika kofi da ruwa ya ɗora a kanta, ya ce in taka daga ƙofa zuwa bango. Na jiƙa rigata ta fi sau ashirin kafin hannuna ya koyi natsuwa. Ku kuwa yanzu sai ka ga mutum yana ɗauka yana wurgi da hannu kamar mai korar ƙuda, in ka kalla minti biyu jiri ya kama ka.

Amma abin da ya fi ba ni haushi a lokacin shi ne yadda yake duba aikina. In na dawo daga ɗauka, sai ya sa kaset ɗin, ya juya fuskar talabijin ta kalli bango, ya zauna ya rufe ido yana saurare. Ni ina ɗokin ya ga yadda na kamo amarya da tawagarta, shi kuwa sai ya ce, "Isiya, wane ne wannan ke magana? Ban ji ba. Janareto kawai na ji." Ya sha gaya mini cewa mutane za su yafe maka hoto mai duhu, amma ba za su yafe maka maganar da ba a ji ba. Na ɗauka rigimar tsufa ce, Allah Ya jiƙan rai, sai da na buɗe nawa shagon na gane.

Abin da ya ganar da ni shi ne shekarar da ruwa ya shiga shagona. Damina ce mai ƙarfi, rufin ya yi yoyo ta bayan kantar da nake jera kaset-kaset na asali na mutane, ban lura ba sai da wari ya tashi. Hunhuna ta cinye fiye da rabi. Na yi wata uku ina warware zaren kaset ina gogewa da auduga, ina ba mutane haƙuri, wasu suka haƙura, wasu har yau ba sa amsa sallamata da kyau. A cikin duk waɗanda suka zo, babu wanda ya tambaye ni hoton motoci ko na tukwanen abinci, abubuwan da a ranar biki ake ta jan rigata a ce in ɗauka. Kowa mamacinsa yake nema. Wata baiwar Allah ta ce ita wurin da mahaifinta ke addu'ar ɗaurin aurenta kawai take so. Na samo mata hoton, ga tsohon nan ya ɗaga hannu bakinsa na motsi, amma gefen zaren da ke ɗauke da sauti ya ruɓe. Ta daɗe tana kallon bakin nasa, sannan ta yi mini godiya ta tafi. Wannan godiyar ta fi zagi yi mini ciwo. Tun daga ranar ba na ajiye aikin mutum a wuri ɗaya, kuma ba na sayar wa kowa kyamarar da ba ta da ramin makirfo.

Don haka na nuna wa Malam Bishir ɗan ramin da ke gefen ta ukun, na haɗa masa da ɗan makirfo mai doguwar waya, irin wanda ake maƙalawa a wuyan riga. Na koya masa abin da ya sawwaƙa. Kada ya sa Inna ta ba taga baya, hasken ya zo ta gefensa ya sauka a fuskarta. Ya kashe fanka da rediyo. In ya danna, ya ƙirga goma a zuciyarsa kafin ya motsa. Na ce ya tafi da ita ya gwada kwana uku, in ta yi masa sai mu yi ciniki. Ya tafi yana rungume da ita kamar jariri, ni kuma na koma kujerata ina jin na yi aikin gwani.

Bayan kwana uku ya dawo, fuskarsa ba walwala. Na sa katin a kwamfuta. Hoto tas, haske daidai, hannunsa ma bai yi rawa sosai ba. Sai dai abin da ke cikin hoton ƙeyar tsohuwa ce da ɗankwali, ta juya ta fuskanci bango. Ana jin muryarsa yana cewa, "Inna, ina kwana?" Ta ce, "Lahiya." Ya ce, "Ya ƙarfin jiki?" Ta ce, "Da sauƙi." Shi ke nan. Sauran kusan rabin awa zakara ne ke cara a tsakar gida. Rana ta biyu haka, ta uku ma haka, sai dai an canza ɗankwali.

Na dube shi na ce, "Malam Bishir, kai ne na fari?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne."

Kunya ta kama ni har ƙafa. Na tambaye shi girman taga, na tambaye shi fanka, na tambaye shi ko suna samun wuta, amma ban tambaye shi matsayinsa a ɗakin ba, ni da aka haifa a cikin birnin nan. Ku da kuka taso iyayenku mata na kiran ku da suna suna wasa da ku, ba lalle ku gane ba. Matan da, musamman irin su Inna, suna kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta hira da shi, ba ta haɗa ido da shi, ko yabonsa aka yi a gabanta sai ta kawar da kai. Shi Malam Bishir ana yaye shi goggonsa ta ɗauke shi, a can ya girma. In Inna za ta yi zancensa sai ta ce "wancan" ko "mai makaranta". Ya ce mini sau da yawa yana zaure zai ji ta tana hira tana ƙyaƙyata dariya da ƙannensa, da ya yi sallama sai ɗakin ya yi tsit. Na ba shi kyamarar riƙewa a hannu, alhali hannun nasa ne matsalar.

Sai muka sake zaɓe daga farko. Yanzu ba mai daɗin riƙo muke nema ba, mai zama muke nema. Na shiga ciki na lalubo wata tsohuwa mai ƙwarzane a jiki, fentinta ya koɗe, murfin idonta ma da zare na ɗaure shi. Amma tana gani a duhu, tana da ramin makirfo, idonta na da faɗi yana kwashe rabin ɗaki, kuma a gindinta akwai ramin ɗaura ta a kan ƙafa uku. Babban abin shi ne tana aiki tana jone da abin cajin waya, ba ta kashe kanta don an daɗe. Ta ma fi waccan sauƙin kuɗi. Ya jujjuya ta, na ga ransa bai so ba, don mutum in zai kashe guminsa yana son abu mai sheƙi. Na ce masa ba shi zai ɗauka ba, ya kawo mini wanda Inna ke sakin jiki da shi.

Washegari ya zo da Binta, autar Inna, mai ɗinki ce, a gidan take zaune da 'ya'yanta. Tana ganin kyamarar ta ce, "Malam Isiya, wagga ai ta girmi ɗiyata ta fari!" Na ce ta girme ta, kuma ta fi ta jin magana. Cikin ɗan lokaci ta iya kafa ƙafa ukun, ta iya maƙala makirfo, ta iya canza kati. Mai zare allura ba ta shan wahalar ƙananan maɓallai.

Abin da suka kawo mini bayan kwana biyu har yau in na tuna sai na yi dariya. Da aka ce wa Inna za a ɗauke ta, sai ta sa aka ciro mata kayanta na ƙasan akwati, ta sa kwalli, ta yafa mayafi, ta zauna a bakin gado ta ɗora hannuwa a gwiwa, ta ƙame ta zuba wa kyamarar ido ko ƙiftawa babu. Ita a saninta hoto ke nan, irin na mai baƙin ƙyalle, wanda in ka motsa ka ɓata. Binta na ta cewa, "Inna, ki yi magana mana." Can sai tsohuwar ta ce ta gefen baki, "Ke Binta, an gama? Numfashina nike riƙe."

Malam Bishir ya ce ko a ɓoye kyamarar a bayan kwalla, a liƙe jar fitilar da ke nuna tana ɗauka. Na ce a'a. Shekara talatin ban taɓa satar hoton mutum ba, ba zan fara da uwar wani ba. Na ce su gaya mata gaskiya, in jar fitilar nan ta kama, abin yana gani kuma yana ji. Sannan su bar ta a kafe a kusurwar ɗaki dare da rana, kada a ɗauke, har ta zama kamar buta ko fitila. Mutum ba ya iya ƙamewa har abada, wata rana zai gaji ya koma kansa.

Haka kuwa aka yi. Duk ranar Asabar Malam Bishir zai kawo kati in kwafe masa a wuri biyu, mu zauna mu kalla tare. Makon farko tana harararta jefi-jefi. Mako na biyu ta fara yi mata tsiya, tana ce mata "mai ido ɗaya". A na uku ta manta da ita. Ga Inna tana tsince wake a faifai, tana ba Binta labarin rijiyar unguwarsu da yadda ake layin ɗiban ruwa tun asuba. Ga ta tana kwaikwayon muryar wata dillaliya da ta mutu tun kafin a haifi Binta. Ga ta tana 'yar waƙar niƙa da muryar da ta shaƙe, tana buga gwiwa. Muryar ta fito tas, har ƙarar waken da ke zuba ana ji. Malam Bishir ya matso da fuskarsa dab da allo, ya ce, "Ashe in tana dariya ido ɗaya take rufewa." Shekara hamsin da biyu, bai taɓa ganin dariyarta ta gaba ba. Na ji tausayinsa ƙwarai, na yi kamar ina neman wani abu a cikin aljihun tebur.

Akwai ranar da Binta ta sa ta lissafo 'ya'yanta da inda aka haifi kowa. Ta lissafo su tiryan-tiryan, da wanda ya zo da damina, da wanda ya zo ana azumi, da biyun da suka koma tun suna goye. Amma daga na biyu ta fara. Binta ta ce, "Inna, kin tsallake." Ta ce, "Ke dai kin cika surutu, miƙo mani faifan can." Malam Bishir ya yi 'yar dariya ya ce, "Ba komi, Malam Isiya. Murya nike nema, kuma na samu." Na ce haka ne. Amma na ga yadda ya daɗe yana ɗaure igiyar jakarsa, kuma ranar bai tsaya shan shayi ba.

Bayan kamar wata biyu sai na yi Asabar biyu ban gan shi ba. A ta uku ya shigo da azahar, ya rame. Ciwon ya dawo. Inna tana raye, tana gane mutane, tana karɓar kunu a cokali, amma maganar ta tafi. Na yi masa jaje, muka yi mata addu'a. Sai ya ciro wani kati a naɗe cikin takarda ya ajiye a kan tebur, ya gaya mini abin da Binta ta faɗa masa.

Kwana goma kafin ciwon, Inna ta tambayi Binta, wai shin wa ya sayo mai ido ɗayan nan, kuma wa ke kallon abin da take ɗauka. Binta ta ce, "Yaya ne. Duk Asabar yake zuwa ya kalla." Washegari da hantsi Inna ta ce wa Binta ta maƙala mata abin wuyan, ta kunna, ta kwashe yara su fita, ta ja ƙofa. Binta ta cire katin ta adana, ba ta kalla ba, kuma ta rasa yadda za ta yi ta ba shi sai yanzu. Shi kuma tsoro ya hana shi buɗewa a gida, kada ya danna abin da zai goge.

Ban buɗe ba sai da na kwafe shi a kwamfuta, na sake kwafewa a wani wurin, na zare katin na mayar masa. Sannan na danna.

In da ma'aunin sana'a za a bi, ban taɓa kwafe hoto mara kyau irin wannan ba. Da ƙofa ta rufe, Inna ta ja jiki ta matsa can ƙarshen gado, ta fice daga idon kyamarar. Ko na'urar ma ta kasa fuskanta. Abin da ya rage a allo bango ne, da gefen kafaɗarta, da hannu ɗaya riƙe da carbi. Aka daɗe ba a jin komai sai numfashinta da ƙarar 'ya'yan carbi. Malam Bishir ya ce, "Ƙila barci ta yi." Na ce ya dakata. Na ƙara sauti har ƙarshe.

"To," in ji ta, a hankali ƙwarai, kamar mai magana da cikin mayafinta. "An ce kana ji."

Sannan ta fara. Ta ce ranar Alhamis aka haife shi, ana yayyafi, kuma da ungozoma ta miƙo shi ta kawar da kai saboda mutane, amma da ɗaki ya watse ta buɗe zanen ta ƙirga yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ranar da goggonsa ta zo ɗaukarsa, ta bi su har zaure ta laɓe bayan ƙyaure, yana kuka tana ji, rigarta ta jiƙe da nono, ta koma ta ci gaba da daka don kada a ce ba ta da kunya. Ta ce akwai wata 'yar kafa a katangar gidan, ta nan take leƙensa kullum in zai wuce makaranta, da wandonsa da ya yi masa yawa. Ta ce ranar da aka ce ya zama malami, ta shiga ɗaki ta rufe ta yi guɗa a cikin matashin kai.

"Ba ƙi ba ne," in ji ta. "Haka muka taras. Ka yahe mani."

Hannun da ke allo ya daina jan carbi. Muka ji ta ja numfashi, ta haɗiye, kamar mai shirin ɗaga kaya mai nauyi.

"Bishir."

Ta tsaya, kamar tana saurarar yadda ya fito.

"Bishir. Allah shi yi maka albarka, Bishir ɗana."

Daga nan sai ta ɗaga murya ta ƙwala wa Binta kira ta zo ta kashe abin nan.

Ban dubi Malam Bishir ba, don ni ma idona ya cika. Ya daɗe bai motsa ba, hannuwansa biyu a kan gwiwa. Can ya ce, da wata irin murya ƙarama, "Ashe haka sunana yake a bakinta." Sai ya ce, "Malam Isiya, maido mani baya kaɗan."

Na maido masa. Ya ce in ƙara. A karo na uku na kama yatsansa na ɗora a kan maɓallin, na nuna masa yadda zai yi da kansa. Na tashi na sauke ƙofar shagon rabi, na ɗauki benci na zauna a waje, duk wanda ya zo na ce ya dawo gobe. Daga inda nake ina jin tsohuwar tana kiransa, tana sake kiransa, har aka kira la'asar.